Wa Ya Ce Bez Ba Namu Ba Ne?

Mai karatu, ran nan a teburin mai shayi a nan Unguwar Romi na ce ni fa babu albam ɗin da nake ɗokin ji kamar wanda Bez Idakula zai yi nan gaba. Sai wani abokina, mayen finafinan Kano, ya taɓe baki: “Wannan ai mawaƙin ’yan Legas ne.” Raina ya ɓaci, har shayina ya huce.

Wai ɗan Legas! Mutumin da aka haifa a Jos, asalinsa Nasarawa, wanda a albam ɗinsa na farko, Super Sun na 2011, akwai waƙa mai suna “Zuciya Ɗaya”. A 2016 kuma ya fito da Gbagyi Child. To don Allah ƙasar su wa muke zaune a kai a Romi, in ba ta Gbagyi ba?

Laifinsa dai wai yana cakuɗa kiɗa: ya ɗebo soul na baƙaƙen Amurka, ya haɗa da jaz da kiɗan jita, ya yayyafa na gida. Haba jama’a! Su waƙoƙin nanaye da muke ta rawar kai a kansu tun zamanin Sangaya, daga ina suka faɗo? Fiyanon Yamaha ne ɗan Japan, karin murya na Indiya, baitoci na Hausa. Wannan dambu mun cinye shi mun siɗe hannu, ni ma ina ciki, ba na musu. Amma da wani ya yi nasa haɗin sai mu tuna da “al’ada”. Laifi tudu ne.

Ni na san inda gizo ke saƙa. Tun rikicin 2000 da na 2002 kogin Kaduna ya raba mana gidaje, ya kuma raba mana kunnuwa. Na Tudun Wada da nasa mawaƙan, na Romi da Sabo da nasu, alhali da Hausa ɗaya ake cinikin tumatir a kasuwa. A garin nan fa Bala Miller ya yi tashe da ƙahonni da jita yana waƙa da Hausa, iyayenmu na kowane ɓangare suka taka rawa, ba wanda ya tambayi sunan kakansa.

Daraktocinmu kuwa su suka fi ba ni haushi. Yarinya na kuka an rabu da saurayi, sai a danna mana fiyano mai ƙara kamar injin markaɗe, alhali jita ɗaya da murya mai sanyi irin ta Bez sun isa su sa ’yan kallo hawaye.

Ka nemi Gbagyi Child ka saurara daga farko har ƙarshe kafin ka aiko mani da martani. Shi kuwa abokin nawa na riga na tura masa a waya, ya ce sai ya samu data.