Haƙoran 'Yan Mazan Jiya

Samarin Dahome sun yi wa Faransa yaƙi, amma a Disamba 1959 ta kafa dokar da ta daskarar da fanshonsu. Sai a 2011 aka daidaita shi da na Faransawa, bayan hukuncin kotun tsarin mulkinsu. Kafin nan da yawa sun shiga kabari. Ko maganin kyauta da ake ba mai fanshon rauni, iyakarsa raunin da ke rubuce a takarda. Haƙorin da tsufa ya ci ba ya ciki! To, dattijon Banikanni ko Jugu wanda ba ya iya tauna nama, wa zai biya masa likitan haƙori a Paraku? Ikilisiyar da ke zaunar da shi a bencin gaba ran Lahadi, ta taɓa baikonta mana.