Dokar Teku Ta Shafi Danchadi, Ko Da Wakilan Arewa Sun Yi Gum

Daga Danchadi da ke ƙaramar hukumar Bodinga zuwa bakin teku a Apapa, tafiyar kusan kilomita dubu ce. Wannan nisa ne ya sa masu ilimin Arewa da yawa, har da lauyoyi da ’yan majalisa, suke ɗaukar dokar jigilar kaya ta ruwa a matsayin sha’anin mutanen Legas da Fatakwal. Kuskure ne mai tsada, kuma waɗanda ke biyan kuɗinsa su ne waɗanda ba su taɓa ganin teku ba.

A ɗauki fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko domin ta can take isa gare su a zamanin fatauci ta hamada. Yau fatar da aka saya a ƙauyukan Bodinga da Shagari majemar Kano take nufa, a Sharaɗa ko Challawa, daga nan a zuba ta a kwantena zuwa Italiya ko Sifaniya. Injin ban-ruwa da faifan sola da manomin rani ke saye kuwa, akasarinsu daga Sin suke zuwa ta wannan hanya. Duk asarar da aka yi a teku ba a biya diyya ba, a farashi take ɓuya: a rage wa mai fata, a ƙara wa mai sayen inji.

Kowane irin wannan kaya yana tafiya ne da takardar lodi da kamfanin jirgi ke bayarwa. Ita ce rasidin karɓar kaya, ita ce shaidar yarjejeniya, ita ce kuma hujjar mallaka da ake miƙawa kafin a saki kaya. A bayanta akwai sharuɗɗa da ƙananan haruffa, waɗanda kamfanin ya tsara shi kaɗai. Mai kwantena ɗaya ba ya da bakin ciniki a kansu. Saboda haka ne ƙasashe suka kafa dokoki na dole da ke iyakance abin da mai jirgi zai iya zame wa. Matsalar Najeriya ita ce tana da irin wannan doka har biyu, kuma ba sa jituwa.

Ta farko ita ce Dokar Jigilar Kaya ta Teku ta 1926, gadon mulkin mallaka, wadda ta kwafo Ƙa’idojin Hague da aka sanya wa hannu a Brussels a 1924. Masu jiragen wancan zamani ƙasashen Turai ne, kuma alamar hannunsu tana nan a rubutun. Dokar ta jera uzurori goma sha bakwai da mai jirgi zai fake da su. Mafi ban takaici shi ne na farko: idan kyaftin ko ma’aikatansa suka yi sakaci wajen tuƙi ko sarrafa jirgin har kaya suka halaka, kamfanin ba ya biya. Alhakinsa yana farawa ne lokacin da aka ɗaga kaya zuwa cikin jirgi, ya ƙare da an sauke su. Mai kaya yana da kwana uku ya ba da sanarwar ɓarnar da ba ta fito fili ba, da shekara ɗaya tak ya shigar da ƙara. Iyakar diyya kuwa fam 100 ce a kan kowane ƙunshi, wadda ta koma naira 200 a kundin dokoki, tun da an canza fam ɗaya zuwa naira biyu a 1973. Lauyoyi sun sha jayayya kan ko darajar zinariya ake nufi da adadin, amma abin da ke rubuce ke nan, kuma ba ya sayen mudun gero a Danchadi.

Ta biyu ita ce Ƙa’idojin Hamburg na 1978, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara bayan ƙasashe masu kaya sun koka. Sun soke uzurin sakacin tuƙi. Sun ɗora wa mai jirgi nauyin nuna cewa ya yi duk abin da ya kamata, muddin kaya na hannunsa a tashar lodi, a teku, ko a tashar sauka. Sun mai da wa’adin ƙara shekara biyu, sanarwar ɓoyayyar ɓarna kwana goma sha biyar, sun kuma sanya diyyar jinkiri. Iyakar diyya ta zama 835 na ma’aunin kuɗin Asusun Ba da Lamuni na Duniya a kowane ƙunshi, wato sama da dala dubu, ko 2.5 a kowane kilo, duk wanda ya fi yawa. Najeriya ta shiga yarjejeniyar a 1988, ta fara aiki a duniya a 1992, amma Majalisar Tarayya ba ta mayar da ita dokar ƙasa ba sai 2005, alhali sashe na 12 na tsarin mulki ya ce yarjejeniya ba ta aiki a cikin gida sai an yi haka. Bayan jinkirin shekara goma sha bakwai, sai aka yi sabuwar dokar ba tare da an ambaci soke tsohuwar ba.

Masu kare wannan sakaci suna cewa ba komai, ai ƙa’ida ce sananniya cewa doka ta baya tana shafe ta farko inda suka yi karo, kotu za ta warware. Hujjar tana da ƙarfi a ajin koyon shari’a. A kasuwa kuwa, ma’anarta ita ce wani ɗan kasuwa ne zai ɗauki nauyin shari’ar daga Babbar Kotun Tarayya har Kotun Ƙoli domin gyara abin da layi ɗaya a majalisa zai gyara. Kamfanin jirgi yana da lauyoyi da ƙungiyar inshora a bayansa, kuma jira ba ya rage shi da komai. Dillalin fata da jarinsa duka ke cikin kwantena ɗaya ba ya iya jira, sai ya karɓi ɗan abin da aka miƙa masa. Ruɗanin doka kullum ribar mai ƙarfi ne.

Abin da ya fi shafar Sakkwato ma, babu ɗaya cikin dokokin biyu da ta taɓa shi. Jihar ba ta da layin dogo, domin reshen da ya taso daga Zariya a Ƙauran Namoda ya tsaya. Kaya a tirela suke bin hanya kwana da kwanaki, inda ake haɗari, ruwa ya jiƙa, a yi fashi. Ta 1926 daga gefen jirgi zuwa gefen jirgi take, ta 2005 daga tasha zuwa tasha. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024, an kuma ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry a 2024. An yi ta bukukuwan yanka kintinkiri, amma ba a ji an tsaya kan tambayar da ta fi muhimmanci ga mai kaya ba: idan kwantenar da aka rufe a Funtuwa ta isa Genoa a lalace, kuma ba a san inda ɓarnar ta faru ba, wa zai biya, kuma nawa? Amsar a yanzu tana cikin ƙananan haruffan da kamfanin ya rubuta.

Ƙa’idojin Rotterdam na 2008 sun yi yunƙurin rufe wannan giɓi, domin sun shafi tafiyar daga ƙofa zuwa ƙofa idan akwai ketare teku a ciki. Najeriya ta sa hannu a 2009, haka ma Nijar. Sai dai ana buƙatar ƙasashe ashirin su tabbatar kafin su fara aiki, kuma waɗanda suka yi haka, irin su Sifaniya, Togo, Kongo, Kamaru da Benin, ba su kai ko kusa ba. Suna kuma da aibi: sun bar wa manyan yarjejeniyoyin jigila ƙofar kauce wa wasu sharuɗɗa. Jiran su ba dabara ba ce.

Najeriya ta taɓa nuna cewa tana iya tsaya wa mai kaya. A shari’ar Sonnar da masu jirgin Nordwind a 1987, kan shinkafar da aka ɗauko daga Thailand ba ta iso ba, takardar lodi ta tura rikicin zuwa Jamus, inda wa’adin ƙara ya riga ya wuce. Kotun Ƙoli ta ƙi, ta ce a saurari ƙarar a gida. Dokar Hurumin Shari’ar Teku ta 1991 ta ƙarfafa haka a sashe na 20, ta kuma ce hurumin Babbar Kotun Tarayya yana bin kaya tun daga shigarsu jirgi har zuwa hannun mai karɓa, ko da an bi da su ta ƙasa. Kotun tana da reshe a Sakkwato. Wurin kai ƙara yana nan, abin da ya rage shi ne doka ɗaya bayyananniya da za a yi hukunci da ita.

Nisa da teku bai taɓa zama uzuri a wannan ƙasa ba. Burkina Faso ba ta da gaɓar teku ko taƙi ɗaya, amma ta shiga Ƙa’idojin Hamburg. Kafin haka da daɗewa, a yankin Bodinga da Sifawa inda Shehu Usmanu da Malam Abdullahi suka zauna suka karantar, ɗaliban Risala ta Ibn Abi Zaid suna karanta hukuncin mai jirgin ruwa: ba a ɗora masa lamunin kaya, amma ba ya da kuɗin haya sai ya kai su inda aka yi alkawari. Takardun lodi na yau kuwa galibi suna cewa kuɗin jigila ya halatta ko jirgi ya nitse. Malaman zaure sun damu da mas’alar, jikokinsu masu digiri sun bar wa Legas.

Abin da ake buƙata a fili yake. Majalisar Tarayya ta soke dokar 1926 ƙarara, ta kuma yi dokar da za ta ɗora alhaki a kan wanda ya ba da takardar lodi tun daga tashar tsandauri har inda aka sauke kaya. Hukumar Kare Masu Safarar Kaya ta Najeriya, wadda aka kafa a 1978 domin wannan aiki, ta bayyana wa ’yan kasuwa da Hausa abubuwa uku: a rubuta adadin ƙunshin da ke cikin kwantena a takardar lodi, in ba haka ba kwantenar duka ƙunshi ɗaya ce wajen diyya, a ba da sanarwar ɓarna a rubuce cikin wa’adi, a yi wa kaya inshora daga sito zuwa sito. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sanatocin Sakkwato uku da ’yan majalisar wakilanta suna da ƙuri’a daidai da ta takwarorinsu na bakin teku, kuma mutanen Danchadi suna da haƙƙin tambayarsu abin da suka yi da ita.