Ku Saki Sunan Ɗan Bida

Da an kai damin ƙarshe rumbu, samarin Maijirgi, Urafan, Korgom, Kanan Bakashe da Isawan sai su ɗaure kaya. Wasu su nufi Kano da Legas, su yi ga-ruwa, gadi ko sayar da shayi. Wasu su hau motar Agadas, daga can sai Tamanrasat ko Sabha. Tun 2014 kuma ramukan zinariya na Jado da Cibarkaten suka ƙara jan wasu. Kowa a Tasawa da Mayahi ya san abin da ke korar su. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ne suka yayyanka ta, kuma hatsin gidaje da yawa ba ya kai su bazara. Wanda ya ga yunwar 2005 a jihar Maradi ba ya bukatar a yi masa bayani.

Da ku nake, ku da kuka rage a gida kuka mai da sunan yaran nan abin cinye dare. Ku ƴan fada masu kewaye butar shayi, ku iyayenmu mata a bakin rijiya da gidan biki, har da ku dattawan gindin bishiya da ya kamata a ce ku ne masu hanawa.

Yaro ya aiko jika hamsin ta Nita ko Al Izza, uwarsa ba ta gama ƙirgawa ba kun fara: “Wace sana'a ce ke kawo wannan? Ƙwaya yake sayarwa. Ya shiga ƙungiya.” Wata uku su wuce bai aiko ba, ku juya harshe: “Ya lalace. Yana kaso. Ya yi aure can ya manta da tsohuwa.” Wa ya gan shi? Babu. “An ce” ne kawai, kuma a cikinku ba mai iya nuna bakin da ya fara faɗa. Ba ku tambayi ko mai aikin da yake yi wa leburanci ya riƙe masa lada ba. Ba ku tuna yadda darajar naira ta zube tun 2023 ba, har guminsa na wata guda ya zama ɗan abin da bai cika hannu ba in an canza shi zuwa sefa. Ba ku tuna watannin da iyaka ta yi a rufe ba.

Mafi muni shi ne abin da kuke yi wa matarsa. Ta yi kwalliya ranar suna, ku ce wa take yi wa. Ta tsaya gaisawa da ƙanen mijinta a hanyar kasuwa, kafin magariba wani ya naɗi murya ya tura WhatsApp. Saƙon ya iske mijin a ɗakin da suke kwana jibge, bayan ya wuni yana ɗaukar bulo, ba shi da halin zuwa ya gani da idonsa. Aure nawa ya mutu ta waya a kan maganar da ba mai iya dafa Alƙur'ani a kanta? Ƴaƴan da suka tashi tsakanin gida biyu, wa zai amsa hakkinsu?

Kada ku ce ai hira ce. Hirar nan tana hana mutane dawowa. Tun yarjejeniyar da ta yi da Nijar a 2014 Aljeriya ke kwaso ƴan Nijar a manyan motoci tana sauke su Assamaka, da yawa ba waya ba ko dala a aljihu. In sun iso Agadas hanyar gida a buɗe take, amma sai saurayi ya tuna bakinku, ya tuna za a ce “ya dawo hannu rabbana,” sai ya sake juyawa arewa. Ya san saharar da ta cinye mutum 92 da ƙishirwa bayan Arlit a Oktoban 2013. Ya ji labarin ramin zinariya na Garin Liman, kusa da Ɗan Isa, da ya rufta da aƙalla mutum 18 a Nuwamban 2021. Duk da haka ya ga rami da rairayi sun fi masa sauƙi a kan ƙofar gidan ubansa. Ku ne kuka sa ƙofar ta yi masa nauyi.

Na san akwai ƴan bidan da suka watsar da iyali, akwai waɗanda suka faɗa shaye-shaye. Irin wannan, kawunsa ne zai kira shi ya yi masa faɗa, ko a kai magana gaban mai gari don matar ta sami hakkinta. Yaɗa shi a fada bai taɓa ciyar da ita ba. Kuma kun yi karatun allo, kun san abin da aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta kamanta giba da shi, kun san a wuri guda ta haɗa ta da mummunan zato da bin diddigi.

Abin da ya fi ci mini rai, bakin da ya ce kuɗin haram ne, shi ne ke zuwa rancen tiya biyu a gidan idan damina ta yi nisa. In haram ne, ku daina ci. In kun san halal ne, ku yi shiru.

Malamai, kuna ja mana kunne a kan riba da caca a huɗuba. Ku ware Juma'a guda kafin kaka ku kira wannan da sunansa. Baba mai gari, duk wanda ya zo maka da “an ce,” ka tsare shi sai ya faɗi wanda ya ce. Kai kuma abokinsa da kuka yi kiwo tare, lambarsa tana cikin wayarka. In ka ji abin da ya dame ka, kira shi ka tambaye shi.