Nasiha a Kan Wanda Abokin Zamansa Ya Rasu

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, akwai wata ɗabi'a cikinmu wadda ta wajaba a gyara. Idan mace ta rasa mijinta, ko namiji ya rasa matarsa, sai a cika gida kwana uku ko bakwai, a yi sadaka, a watse. Sa'an nan in an ga mutum ba ya barci, abinci ba ya shiga, gabansa yana ta faɗuwa, sai a ce ba shi da tawakkali. Wannan magana zalunci ce.

Shin wa ya fi Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, tawakkali? Ga shi kuwa shekarar da Nana Hadiza ta rasu, watau ta 10 bayan aiko shi, malaman tarihi suna kiranta Shekarar Baƙin Ciki. Nana Asma'u 'yar Shehu ma ta yi wa mijinta, Waziri Giɗaɗo, marsiyya. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da fushi da hukuncin Allah. Hawaye da ƙuncin rai ba su cikin hanin.

Takaba wata 4 da kwana 10 ce ga wadda ba ta da ciki. An hana ta ado da turare da kwana a wani gida, amma ba a hana ta hira da 'yan'uwa ba. Riƙe wuƙa da hana ta magana al'ada ce kawai, kaɗaici kuwa ƙara ciwo yake yi. Shi kuma namiji, a ce ya cije, har abin ya ci shi ta ciki.

Ku sani rai yana ciwo kamar yadda jiki yake yi. Abu Zaidi al-Balhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya yi littafi a kan haka. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, tun 2022, ta lissafa baƙin cikin rasuwa wanda ya wuce wata 6 yana hana mutum harkokinsa cikin cututtuka. To, wanda ya kai haka a kai shi ga likita, akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato, ana kuma ci gaba da addu'a. In ya fara zancen ya gaji da rayuwa, kada a kwana. Neman magani ba ya warware tawakkali.

Mu kuwa, kada ziyara ta ƙare ran sadakar arba'in, domin a lokacin ne gida yake yin shiru.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sanyaya zukatan waɗanda suka bari. Haza wassalam.