Kira Ga Ministan Lafiya Kan Masu Ciwon Dajin Dubura

Ranka ya daɗe, ina roƙon a dubi halin masu dajin dubura. Da yawa daga cikinsu sukan daɗe suna shan maganin basir, sai ciwo ya ci jiki suke isowa asibiti. Likita kan tsara gashin ƙarin da haske sau 25 zuwa 28 cikin mako biyar ko shida, sannan tiyata. Wani ƙarinsa kan narke ƙaf, wani kuwa kamar an shuka dusa, bayan ya sayar da gona ya tare a Zariya ko Sakkwato.

Masu bincike sun fara gano ɗaya daga cikin dalilan. Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da tantanin kitse. Hasken gashi, ban da farfasa ƙwayoyin gado, yakan ɓata wannan kitsen da taimakon sinadarin ƙarfe har ƙwayar ta mutu, mutuwar da aka raɗa wa suna ferotosis a 2012. Ƙwayoyin daji masu taurin kai sukan sauya kitsen tantaninsu zuwa wanda ba ya saurin ɓaci, ko su yawaita sinadarin GPX4 mai gyara ɓarnar. Da za a iya gane su tun daga ɗan naman da aka yanko don gwaji, da an sauya wa majinyaci tsari da wuri.

Matsalar ita ce, yadda aka saba sarrafa naman, da sinadaran wanki kafin a daskare shi cikin kakin farafin, yana tafiya da kitsen da ake son a auna. Sai an daskarar da shi ɗanye a sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. Kuma ba za mu jingina da sakamakon ƙasashen waje kaɗai ba, domin binciken da likitocin Ile-Ife da abokan aikinsu suka wallafa a 2021 ya nuna dajin hanjin 'yan Najeriya ya sha bamban da na Amurkawa a ƙwayoyin gado.

Don haka muna roƙo, ranka ya daɗe, ka umarci cibiyar bincike da maganin ciwon daji ta ƙasa, wato NICRAT, ta samar wa kowace cibiyar gashi firiza mai irin wannan sanyi da wutar sola, a riƙa adana naman da yardar majinyaci, a kuma rubuta yadda gashin ya karɓe shi. Allah ya yi maka jagora.