Tsadar dizal da lalacewar hanya: Ko ƙwayoyin daidaita taya za su taimaki masu tirela a Garwa?

A watan Fabrairun 2023 gwamnatin Kamaru ta ɗaga farashin litar man dizal daga CFA 575 zuwa 720, bayan shekara guda kuma ta kai shi 828. Masu manyan motoci da ke bin hanyar Ngaundare zuwa Garwa, Marwa da Kusiri ba su da iko kan wannan farashi. Inda suke da ta cewa shi ne taya, wadda ke cikin abubuwan da suka fi cin kuɗin mai tirela bayan mai. Wannan ne ya sa ya dace a duba wata dabara da direbobi a Turai da Amurka suka daɗe da sani: zuba ƙananan ƙwayoyin gilashi ko na tangaran a cikin taya, maimakon maƙala dalma a jikin wili.

Jirgin ƙasa daga Duwala yana tsayawa ne a Ngaundare. Daga nan kayan da za su arewacin ƙasar da Chadi sai a mota. Ga audugar kamfanin Sodecoton mai hedikwata a Garwa, ga simintin Figil, duk a kan wannan titi guda. Tayar tirela tana juyawa kusan sau 300 a kowace kilomita, wato sama da sau 80,000 tsakanin Ngaundare da Garwa. Idan gefe guda na tayar ya ɗara sauran da gram 100 kacal, a gudun kilomita 80 cikin awa zai riƙa fizgar ƙafar motar da ƙarfin da ya kai kusan kilo 9, sau shida zuwa bakwai a kowace daƙiƙa. Abin da direba ke ji a matsayin rawar sitiyari ke nan, shi ne kuma ke cinye taya wuri-wuri.

Hanyar da aka saba ita ce a ɗora tayar a kan na'ura, a gano inda ta yi nauyi, a maƙala dalma a ɗaya gefen. Matsalar ita ce wannan gyara na ranar da aka yi shi ne. Taya na ci, rami na iya fizge dalmar, kuma duk ranar da mai faci ya cire taya daga wili ya mayar da ita a wani zama daban, lissafin ya rushe. Mai faci na bakin hanya kuwa ba kasafai yake da na'urar auna tayar tirela ba.

A nan ƙwayoyin suka fi. Girmansu kamar na gero ne ko ƙasa da haka, kuma tayar tirela kan ɗauki gram 300 zuwa 400. Idan mota ta ɗauki gudu, suna bazuwa a cikin tayar, girgizar kuma ta tura su ɓangaren da ya fi sauƙi har nauyi ya daidaita. Idan aka tsaya su zubo ƙasa, a tashi su sake jeruwa. Ba a buƙatar na'ura, babu kuma abin da rami zai fizge.

Sai dai dabarar tana da sharuɗɗa. Na farko, ta fi dacewa da taya marar tiyub, alhali har yanzu akwai motoci da yawa a yankin masu tayoyi masu tiyub. Na biyu, danshi abokin gabarta ne. Ruwan sabulun da ake shafawa wajen ɗaura taya, ko iska mai laima daga injin da ba a zubar da ruwan tankinsa, kan sa ƙwayoyin su dunƙule wuri guda, magani ya koma cuta. Na uku, suna iya toshe bawul idan ba a sa irin mai tacewa ba. Na huɗu, sai da gudu suke aiki. A hawan dutsen da ke tsakanin Mbe da Ngaundare, ko a hanyar Mora zuwa Dabanga da Kusiri da ta shafe shekaru tana wahalar da direbobi, mota tafiyar hawainiya take yi, amfaninsu kaɗan ne. Alkaluman ragin mai da ake gani a talla kuwa na masu sayar da kayan ne, bai kamata a gina lissafi a kansu ba.

Abin da ya fi kashe taya a arewacin Kamaru ya wuce batun daidaito. Dokar yankin CEMAC ta ƙayyade tan 13 ga aksul guda da tan 50 ga mota gaba ɗaya. Motar da ta zarce haka, da tayoyi marasa isasshiyar iska, a zafin Maris da Afrilu lokacin da Garwa ke haura digiri 40, tayarta za ta fashe ko da me aka zuba mata. Ƙwayoyin ba sa miƙe wilin da ya lanƙwashe, ba sa kuma gyara ƙafar mota da ta karkace.

Saboda haka mai mota guda ko biyu, a Garwa yake ko a Mubi ko Njamena, zai fi cin riba idan ya fara da auna iska kowace safiya kafin taya ta yi zafi, ya kiyaye lodi, ya duba wili da saitin ƙafafu. Bayan nan sai ya gwada ƙwayoyin a tayoyin gaba biyu, inda rawar ta fi tasiri kuma fashewa ta fi haɗari, ya rubuta kilomitar da suka yi, ya kwatanta da na baya. Ya kuma sanar da duk mai facin da zai buɗe tayar, domin kada ya zubar da su ko ya jiƙa su.