Zance da Iyaye: Karate, Faɗa Ne ko Horo?

A watan nan za mu yi zance a kan karate, wasan nan da yaranmu suka ɗauko daga fim. A makaranta, da an tashi tara sai ka ga yara suna harbin iska da ƙafa suna ihu. Waɗansu har sun soma roƙon iyaye a kai su koyo. Kafin mu ce i ko a'a, bari mu san asalin abin.

Karate ya fito ne daga Okinawa, wani tsibiri a kudancin Japan. A dā tsibirin yana da sarkinsa, mutanensa kuwa suna fatauci da ƙasar Sin. Ta haka dabarun faɗa na Sinawa suka gauraya da nasu na gida. Da fari sunan yana nufin "hannun Sin". A shekarun 1930 aka sāke rubutunsa ya zama "hannu wofi", wato hannun da ba makami.

Wanda ya fi kowa yaɗa shi malamin makaranta ne, Gichin Funakoshi, wanda aka haifa a 1868, ya rasu a 1957. Yana yaro ba shi da ƙoshin lafiya. Da dare yakan tafi gidan malaminsa, a sa shi ya yi ta maimaita darasi ɗaya wata da watanni kafin a ƙara masa wani. A 1922 ya nuna karate a Tokyo, ya zauna can yana koyarwa. Wasan ya yi ta bazuwa, har aka yi gasarsa a wasannin Olamfik na Tokyo a 2021.

Horon gargajiya kashi uku ne. Na fari kihon, wato tushe: tsayuwa, naushi, karewa, harbi da ƙafa, ana yi ana sākewa. Na biyu kata, jerin motsi da mutum zai haddace ya yi shi kaɗai, kamar yana fuskantar abokan gāba. Na uku kumite, gwaji da abokin koyo, inda ake tsai da naushi kafin ya yi ɓarna. Ku lura da wannan. Sakin hannu ba wuya, kowane yaro ya iya. Tsai da shi ne aikin shekaru.

Funakoshi ya bar wa almajiransa ka'idodi 20. Cikinsu ya koyar cewa ladabi ne mafari da ƙarshen wasan, mai karate kuma ba ya fara kai hannu. Ko baƙin ɗamarar nan da yara suke ɗoki, wadda aka aro daga wasan judo, matakinta na fari sunansa shodan, ma'anarsa matakin farawa. Ashe wanda ya ɗaura ta yanzu ne ya soma karatu.

Iyaye sukan yi tambaya a kan sunkuyawar da ake yi. A al'adar Japan gaisuwa ce ta bangirma, kamar yadda ɗanmu yake rusuna wa babba. Amma idan kun ga ana sunkuya wa wani bagadi, ko ana zancen laya da asiri, kuna da iko ku tambaya, ku kuma janye ɗanku.

To, ga shawararmu. Kada ku biya kuɗi sai kun je da kanku kun zauna kun ga darasi. Ku duba: malamin yana dūkan yara ko yana zaginsu? Yana alkawarin baƙar ɗamara cikin 'yan watanni? Yana hukunta wanda ya yi faɗa a waje? Bayan wata uku kuma ku duba yaron a gida. Idan ya ƙara natsuwa, yana gaisuwa, yana haƙuri da ƙannensa, horon yana aiki. Idan kuwa ƙannen sun zama abin gwajin naushi, an ba shi wuƙa ne ba kube.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu hikimar renon 'ya'yanmu. Sai wata mai zuwa.